Hoton Tsoho Mai Hoto

"Baba, wallahi tsatsa ce za ta cinye ta a jikin ƙusar nan," in ji Alhaji Bahauddeen. Yana durƙushe a gefen katifar mara lafiya, amma idonsa na kan bango.

Daidai nan Hajo mai ƙuli-ƙuli ta shigo da kwanon kunun gyaɗa. Ta yi sallama ba ta jira amsa ba, don katanga ɗaya ce ta raba gidanta da na Malam Tsoho mai hoto, shekara talatin da ɗoriya. Ta ajiye kwanon, ta dubi Alhaji, ta bi inda idonsa ya nufa, ta taɓe baki. Zuwansa na uku ke nan daga Rogo cikin kwana goma, mutumin da a da sai a yi Sallah biyu bai leƙo gwaggonsa Zaituna ba. Wai dubiya ya zo. Dubiyar kam ya zo, amma ba ta mijin gwaggon nasa ba ce. Tsohuwar kyamarar nan mai ido biyu, da ke rataye sama da kan Malam Tsoho, ita ya zo dubawa.

"Inna Hajo, ina wuni? Ya mai jiki?"

"Mai jiki ga shi nan a gabanka, Alhaji. Sunkuyo da kai ƙasa kaɗan za ka gan shi."

Ya yi 'yar dariyar yaƙe, ya gyara zaman hularsa, ya koma kan zancensa. Ya ce Yashika ce, ƙirar Japan. Ya faɗi shekarar da aka ƙera ta, ya faɗi sunan gilashin idonta, har lambar jikinta ya karanto da ka, sai ka ce mai biya hadda. Ya ce irinta mai lafiya ba za ta wuce a ƙirga da yatsu ba a duk ƙasar Kano. Ya miƙa hannu zai sauko da ita.

"Bar ta inda take," in ji Malam Tsoho. Muryarsa ta shaƙe, amma ba ta rasa kaifinta ba. Ya yunƙura, Zaituna ta tokare masa baya da matashi. "To Alhaji, tunda ka san ta haka, ga tambaya. Manomi ya taso daga ƙauyen Turawa, baƙi wuluk, ya sha farar riga, ya tsaya gindin darbejiya bayan la'asar. Hoton tafiya Makka yake so. Yaya za ka buɗe mata ido fuskar ta fito, rigar ba ta ƙone ba?"

Alhaji ya sosa ƙeya.

"Ai Baba, irin waɗannan yanzu ba a wahalar da su. Kayan tarihi ne. Duk dannawa ɗaya rage mata daraja take yi."

Malam Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa. Hajo kuwa ta ce, "Allah mai iko! Wato ka sayi jaki ka ɗaure a ɗaka kana shafa masa mai, kai kuma ka ɗauki buhu a ka." Zaituna ta harare ta don ta yi shiru, ɗan ƙaninta ne dai ko yaya yake. Hajo ta ja bakinta ta tsuke, amma ta riga ta faɗa.

Ba yau ta fara raina shi ba. Bara ta bi Zaituna suna a gidansa na Rogo, ta ga abin da idonta. Kabad ne na gilashi ya cinye bango guda na falo, cike da kyamarori, manya da ƙanana, kowace da 'yar takarda a gindinta. Ta ƙirga har ashirin ta gaji. Da wata baƙuwa ta dafa gilashin, sai ga shi a guje da tsumma yana gogewa yana huci. In zai ɗauko ɗaya ya nuna wa abokansa na ofis, sai ya sa farar safar hannu kamar mai shirin yi wa mutum tiyata. Da aka fito da jaririya kuma, da me aka ɗauke ta? Da waya! Duk tarin nan suna tsaye suna kallo, ko ɗaya ba a taɓa sa mata fim ba tun da ta shigo gidan.

Ta Malam Tsoho kuwa, igiyar ratayarta ta yi baƙi ƙirin da gumin wuya. Inda babban yatsansa ke zama fenti ya goge har ƙarfe ya fito. Shekara hamsin yana yawo da ita, da a keke, daga baya a babur, daga Karaye zuwa Zoza, zuwa Ruwan Bago, duk inda kasuwa ke ci. Da wuya ka shiga gida a ƙasar nan ba ka tarar da aikinsa a bango ko a ƙasan akwati ba: mai tafiya aikin hajji, ɗan makaranta ranar gama firamare, manomi tsaye kan dalar buhunan gyaɗarsa yana hura hanci. Mijin Hajo marigayi, hotonsa ɗaya ne a duniya, kuma Malam Tsoho ne ya ɗauka.

Sai dai wanzami ba ya son jarfa. Shi mai hoton ba shi da hoto. Na jikin katin zaɓensa baƙin dabbare ne kawai, ko Zaituna ba ta gane shi. In yaran zamani suka ɗaga waya za su ɗauke shi, sai ya cire hula ya rufe fuska ya ce shi ba a ɗaukarsa da abin kiran mutane. Haka aka yi ta yi ana dariya, har ciwo ya kwantar da shi, dariyar ta ƙare.

Ranar Talata da hantsi Zaituna ta leƙo ta kan katanga ta ce Malam na kira. Hajo ta bar tunkuza a kasko ta zagayo. Ta same shi zaune a tsakar gida kan benci, ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a da ta yi masa yawa yanzu. Ya ce yau ya ji dama-dama. Hajo dai ta taɓa ganin irin wannan sauƙin a wurin mijinta, ta san abin da ke biyo bayansa. 

An kifa turmi a gabansa, taku shida, an ɗora kyamarar a kai.

"Hajo, yau ke ce mai hoto."

"Ni? Rufa mini asiri, Malam. Hannun da ya saba da muciya?"

"Hannun da ke murza ƙuli bai fi ƙarfin wannan ba. Na gama saita komai. Fim ɗina na ƙarshe ne a ciki, tun damina nake lallaɓa shi, na ci takwas. Wannan tsohuwar ta dame ni, wai shekara arba'in da bakwai na ɗauki awakin gari ban ɗauke mu ba."

"Ni yaushe na ce?" in ji Zaituna, ta ja mayafi ta rufe baki. Amma ta sha lalle, ta ɗaura zanenta mai ruwan goro da ba ta fito da shi sai biki. Hajo ta gane maganar gaskiya ce, kuma ta daɗe tana cin matar.

Ya nuna mata yadda za ta sunkuya ta leƙa ta sama. Ta leƙa, ta gan su 'yan mitsi-mitsi a cikin gilashi, na dama ya koma hagu. Ta yi salati ta ja da baya, ya ce haka abin yake, kada ta taɓa komai. Zaituna ta zauna can ƙarshen benci, sai da ya yi ta fama ta matso, duk da haka ta bar tazarar taƙi guda tsakaninsu, don kunya.

"Ki ja numfashi ki riƙe, sannan ki danna a hankali. Kada ki soke ta."

Hajo ta riƙe numfashi, ta kafa ido kan fuskokinsu, ta danna. Wani ɗan ƙas ta ji, ko ƙarar karya tsinke bai kai ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"A ƙara ɗaya mana, ko hannuna ya yi rawa."

"Ban taɓa ɗaukar mutum sau biyu ba, ba zan fara a kaina ba. Ukun da suka rage na 'yarmu Juwairiyya ne da 'ya'yanta, gata bayan sallar Juma'a za su zo daga Zariya."

Ya sa ta murɗa hannun da ke gefe sau ɗaya, ya nuna mata 'yar taga inda lamba ta koma goma. Sannan ya yi mata bayani dalla-dalla, yana hutawa tsakanin kalmomi. Muddin akwai lamba a tagar nan, akwai fim a ciki, kuma in aka buɗe bayanta haske ya shiga, aikin ya mutu. Sai an murɗa har lamba ta ƙare, hannu ya saki, sannan a buɗe a cikin ɗaka, a lashi 'yar takardar a manne. A kai wa Uwais a Fagge, cikin Kano, shi kaɗai ya sani da har yanzu yake wanke irin wannan.

"In ban samu yi ba, ke za ki yi. Amana ce, Hajo."

"Kai za ka yi da hannunka, in sha Allahu."

"Na dai faɗa miki."

Bai ga Juma'ar ba. Ranar Alhamis bayan azahar, Zaituna na ba shi ruwa a cokali, ya kau da kai ya yi kalmar shahada, ya cika. Kafin la'asar ta yi sanyi an kai shi. Mutane suka zo daga ƙauyuka har da waɗanda Hajo ba ta taɓa gani ba, wani tsoho daga Zoza ma da hotonsa na saurayi a aljihu, yana nuna wa duk wanda ya zauna kusa da shi. Hajo ta yi kuka mai isarta, sannan ta ɗaure ɗankwali ta kama aikin baƙi. Ta leƙa ɗakin sau biyu ta ga kyamarar na nan a ƙusarta. Ta ce a ranta bari a share makoki tukuna, ba a fara zancen hoto gawa ba ta huce ba.

Ranar sadakar uku Hajo na bakin murhu da mata ana dakan gumba, sai ta hango farin abu na walƙiya a ƙofar ɗakin marigayi. Safar hannu ce. Alhaji Bahauddeen ne tsaye a tsakiyar rana, shi da wani abokinsa mai tabarau da ake kira Abdulmutalib, wanda ya shigo da shi wai ya yi wa Gwaggo gaisuwa. Ashe Alhaji ya durƙusa gaban Zaituna ya ce gida ya cika da jama'a, kada abin Baba ya salwanta, bari ya adana. Ita kuwa tana cikin mayafi tana jan carbi, ko jin sa ba ta yi ba. Shirunta ya ɗauka izini.

"Ka ga wajen duk ya goge," yake ce wa abokin, "amma cikin ake dubawa. Bari ka ga ciki."

"Alhaji! Kada ka..."

Kafin ta rufe baki ya murɗa makullin gindin, bayan kyamarar ya wangale. Rana ta faɗa ciki.

Hajo ba ta san lokacin da ta yar da taɓarya ba. Ta tsallake ƙwarya, ta ture wata mata, shi kuwa gogan yana nan tsaye da abu a buɗe, ya ƙura masa ido, har yana karkata shi wajen haske don ya gani da kyau.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe da fim a ciki."

Ta fizge ta daga hannunsa ta maida murfin ta danne, ta cusa ta cikin zanenta. Masu daka suka tsaya da taɓare a sama.

"Haba Inna, mene ne na tashin hankali? Wa zai yi zaton akwai mai sa fim a wannan zamani? Fim ai ba wani abu ba ne, ana samu a intanet. Kyamarar ce abin..."

"Rufe mini baki! Ga lamba nan a gefe tana nuna goma, ni da ban taka ƙofar boko ba na gani. Kai da ka haddace shekararta da garin da aka haife ta, ba ka san ka duba nan ba? Kyamara ashirin a ɗakinka, ashe ko gaisawa ba kwa yi! Hoton gwaggonka ne da mijinta a ciki, guda ɗaya tak, ranar Talatar nan aka ɗauka. Ka ƙone shi."

Abokin ya cire tabarau yana gogewa, ya sulale ya yi zaure.

"Ai ban sani ba," in ji Alhaji.

"Yaushe za ka sani? Sani a hannu yake, kai kuwa ka sa wa naka safa. Kuma kayan mamaci ne, ba a raba gado ba. Wa ya ba ka? Ko kwana uku ba ka iya jira ƙasa ta kwanta masa ba?"

Wata dattijuwa ta ce a yi haƙuri, gidan makoki ne. Hajo ta juya ta ga Zaituna ta ɗago labule tana kallonsu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dubi ƙullin da ke cikin zanen Hajo, ta saki labulen. Wannan ya fi komai ƙona wa Hajo rai, don ta san rabin laifin nata ne: da ta ɗauke abin tun ranar Alhamis, da duk haka ba ta faru ba.

Ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa da taga. Ta murɗa hannun har ya saki, ta buɗe, ta lashi takardar ta manne, yadda aka koya mata. Ta naɗe fim ɗin a baƙar leda, ta maida wa Juwairiyya kyamarar hannu da hannu.

Bayan addu'ar bakwai ta hau mota zuwa Kano, ita da rabonta da birni tun rasuwar mijinta. Ta yi ta tambaya a Fagge har aka nuna mata wani lungu, ta sami Uwais, tsoho mai furfura, a shagon da yanzu rabinsa na masu buga katin biki ne. Da ta faɗi sunan Malam Tsoho da rasuwarsa, ya cire hula ya daɗe yana addu'a. Da ta faɗi sauran, ya ce, "Wane jahilin ne ya buɗe?"

"Wani mai kyamara ashirin."

"Su ne ai," in ji Uwais. "Nan suke zuwa su tambaye ni ko ina da ta sayarwa. Ban taɓa ganin ɗayansu ya kawo wanki ba." Ya ce ta dawo bayan mako, amma kada ta sa rai.

Cikin makon nan aka raba ɗan abin da marigayi ya bari. Alhaji ya aiko manya, ya zo da kansa ya ba gwaggonsa haƙuri har da 'yar ƙwalla. Juwairiyya ta ce a ba shi kyamarar, tunda babu mai aiki da ita kuma, ita ma ba ta son ganinta. Hajo ta ji labari daga bakin matarsa cewa ya cire tsohuwar igiyar ya jefar don tana wari, ya sayo sabuwa, ya goge ta tas, ya ba ta wuri a sahun sama da takardarta a gindi. Hajo ta yi tsaki har sai da kaza ta firgita.

Ranar da ta karɓo ambulan ba ta buɗe a shagon ba, ba ta buɗe a mota ba. Uwais dai ya ce mata takwas na farko sun tsira don sun riga sun naɗe can ciki, na taran kuwa rabinsa haske ya ci. Ta iso Karaye da la'asar, ta wuce gidanta ta shiga na maƙwabta da ƙurar hanya a ƙafa.

Zaituna na zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki, cikin kayan takaba, tana tsince shinkafa a faifai. Hajo ta zauna, suka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen birni. Sannan ta zaro hotunan ta miƙa mata takwas. Ga awaki a gindin darbejiya, ga masu ɗaukar buhu a bakin kasuwa, ga Zaituna kanta ta ba da baya tana shanya, ba ta ma san an ɗauka ba. Gefensu duk ya ɗan yi fari, amma sun fito. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a kan cinya.

"Namu fa?"

"Yaya, ki yi haƙuri. Ban riƙe amanar nan yadda ya kamata ba."

"Ba ni dai."

Hajo ta miƙa, sai a lokacin ita ma ta gani. Daga sama har gwiwa fari ne fat, babu fuska, babu hula, babu mayafi. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa komai ya fito raɗau: ƙafafun benci, bakin farar riga, bakin zane, har zanen lallen da ke ƙafar Zaituna. Silifa ɗaya na gefe babu kowa a ciki. Malam Tsoho ya zare ƙafarsa ta hagu, ya miƙa ta ta ƙetare tazarar nan ta taƙi guda, ya ɗora babban yatsansa a kan nata.

Hajo ta riƙe baki. Ita da ta danna, fuska take kallo, ba ta ga wannan ba.

Zaituna ta yi wata 'yar dariya da ba ta fita sosai ba, ta ce, "Ja'irin tsoho. Na ce masa ya bari, Hajo na kallo."

Ta ture faifan gefe, ta goge hannunta a zane sau biyu, ta ɗauki hoton ta gefe-gefe don kada yatsa ya ɓata shi. Kaji suka zo suka kewaye shinkafar suna ci, babu wadda ta kore su.